Hannu Ɗaya a Aljihu

Duk wanda ya san mahaifina, Abdulghani mai gyaran makina, ya san shi da hannun hagu a aljihu. Haka yake tsayawa in yana aiki, haka ya fito a hoton ɗaurin aurena, har akwai mutanen unguwarmu Karantina da suka yi shekaru suna zaton hannun shanyayye ne, suna jin nauyin tambaya. Lafiyar hannun ƙalau. Dokar sana'arsa ce, kuma ni 'yarsa Turai sai da na kai shekara talatin da takwas ina yi mata kallon tsirfar tsofaffi kafin in san abin da ke cikin aljihun nan.

Makina, a bakinmu na Jidda, ita ce akwatin wasan nan na katako mai tsayin mutum. Gilashi a gaba, sanda da maɓallai a ƙasa, ka jefa ƙarfe a rami ta kunno maka tseren mota ko jirgin yaƙi ko 'yan dambe. Gilashin ba siririn nan ba ne na yanzu. Kwalbar talabijin ce ta da, mai ƙeya, wadda ƙato ke nishi kafin ya ɗaga ta. A jikin ƙeyar akwai wata roba zagayayya manne kamar ƙahon wanzami, jar waya mai kauri ta fito daga cikinta. A nan mugun abin yake. Kwalbar tana riƙe wuta ko bayan an zare makinar daga bango, ta yi lamo kamar ba ita ba, tana jiran mai garaje.

Kakan Baba daga ƙasar Gobir ya taso da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, ya sauke farali ya ce komawa gida sai baɗi. Har yau baɗin ba ta zo ba. A Karantina aka haifi Baba. Ya fara da dako a tashar jiragen ruwa, da bayansa ya soma ciwo ya koma jan wayar lantarki a gidajen mutane, yana nan kuma ya haɗu da Lado, wani mutumin Maraɗi da ke kula da makinonin wani gidan wasa a bakin teku. Lado ya ba shi shekara goma, amma abota suka yi, kwano ɗaya suke cin ful, dafaffen waken Larabawa, da safe. Shi ya koya wa Baba cikin makina. Yana da wata ɗabi'a: duk wadda ya gyara sai ya rubuta kwanan wata da abin da ya yi mata da ajami, a cikin murfin bayanta, don wanda zai buɗe bayansa ya san inda aka kwana.

Wata Talata bayan azahar, ina da shekara uku a duniya, hoton wata makinar tseren mota ya kama rawa. Irin wannan gyaran tana kunne ake yinsa. Baba ya tsaya a gaba riƙe da madubi don Lado ya riƙa hango hoton daga baya. Lado ya rubuta kwanan wata a murfi kamar kullum, ya dafa ƙarfen ciki da hannun hagu don ya ji daɗin leƙawa, ya miƙa na dama. Baba ya ce bai ji wata babbar ƙara ba, 'yar ƙas ce kawai, sai ya ga fuskar abokinsa ta ɓace daga cikin madubin. Wutar ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, zuciya kuwa a tsakani take. Kafin la'asar an rufe masa fuska.

Daga ranar Baba ya kafa dokarsa. Ba ya shiga cikin makina da hannu biyu, na hagu yana aljihu har a gama. Ba zobe, ba agogo, ba ƙafa a ƙasa. Kafin ya taɓa kwalba sai ya sauke mata wuta: ya maƙala waya a ƙarfen ciki, ɗaya bakin a jikin doguwar sukundireba, ya zura ta a hankali ƙarƙashin robar nan har a ji tas. Ya jira, ya sake, ya kuma sakewa, don a cewarsa kwalba maƙaryaciya ce, takan ɓoye saura. Muna yara mukan tsaya daga nesa mu toshe kunne muna dariya. Shi ko gezau, fuskarsa kamar mai yankan farce. Na tashi da imanin cewa ubana bai san abin da ake kira tsoro ba.

Zamani ya juya. Wasa ya koma cikin gidaje, daga nan ya shige waya, gidajen wasa suka rufe ɗaya bayan ɗaya, aka kwashe makinoni aka zubar a Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, rana da gishirin teku suna cin su. Baba ya koma gyaran talabijin, ita ma mai ƙeyar ta bi sahu. Ya yi shekaru yana gyaran fanka da dutsen guga, mutumin da ya san cikin makina kamar yunwar cikinsa. Sai ga shi yaran da suka ƙarar da kuɗin tararsu a gidajen wasan nan sun girma sun yi tumbi, sun soma neman makinonin ƙuruciyarsu ido rufe. Aka yi ta tambaya wa ya rage da ya iya kwalba, aka yi ta kwatance har ƙofar gidanmu.

Masu tara makinonin nan kashi biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Akwai masu cewa a mayar da ita yadda ta zo a jirgi: kwalbarta, allonta na ciki, wasanta ɗaya tilo, har ƙunar sigarin da wani ya bari a gefen maɓalli kada a goge. Akwai masu cewa wahalar ta mece ce? A farke cikinta, a fitar da kwalbar, a liƙa siririn gilashi da 'yar na'ura mai wasa dubu uku, a kai gidan gahawa yara su yi ta bugu. Baba liman ne a ɓangaren farko. Abin haushin, ladanin ɓangare na biyu jininsa ne: Mohannad, ɗan ƙanwarsa, taubashina, magidanci mai 'ya'ya uku da shago a unguwar Waziriyya. Baba bai taɓa kiransa mai gyara ba, Mahauci yake ce masa.

“Khali, zabun, mai saye, so yake ya danna ta tashi, halas,” in ji Mohannad, da Hausarsa mai ɗingishi, shi da ko kawu sai ya ce Khali. “Mish kowa ke son kayan tarihi ba.”

“Ai shi ya sa na ce fawa kake yi, ya walad. Ka cire hanji, ka cire zuciya, ka cusa auduga ka ce ga rago.”

A lokacin bayan Baba nake bi, ko don in ga Mohannad ya kumbura. Ban san zan sauya sheƙa ba.

Da aka rushe Karantina muka kwaso komatsanmu muka dawo Waziriyya, ni da shi kaɗai, don mahaifiyata ta riga mu gidan gaskiya, aurena kuma ya daɗe da mutuwa. Muka sami gida mai ɗan ɗakin ajiya a ƙasa, ya mayar da shi wurin aiki. Bai yi kuka a kan unguwar ba, amma shekara guda da tashinmu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. A asibiti suka ce bugun zuciyarsa ne ke tsallake, suka dasa masa batir ƙarƙashin fatar ƙirji ta hagu. Likitar ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa mata yana wani ƙasaita. Ta ajiye alƙalami ta dube ni, ba shi ba. Ta ce wutar da za ta yar da lafiyayye ya tashi yana zage-zage, shi tana iya rikita masa batirin zuciyar ta tsaya cak. Ta ce shi da kwalba har abada, kuma a kiyaye masa firgita.

A ranar na tattara sukundirebobinsa na kulle a akwati. Wata shida yana zaune. Na ga ubana yana yanƙwanewa a kan kujera, wuyan jallabiyarsa na ƙara faɗi, ya kalli bango tun hantsi har azahar. Tausayinsa ya kama ni, amma na ce gara in gan shi a kujera da in gan shi a makara.

Ana haka sai ga Muath. Shi babban mai tara makinoni ne, yana da goma sha biyu a gidansa can arewacin gari, kusan duka Baba ne ya tashe su. Mutumin kirki ne, sai dai bai san zancen batir ba, don Baba ya ce masa ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi. Ya zo da mota ɗauke da wata makina da ya tono a Haraj, fenti ya kwaile, sitiyarinta ya karkace.

“Ya Ammi, ta gidan wasanku ce na bakin teku,” in ji shi, baki har kunne. “Shekara huɗu ina nemanta. Ba wanda zai taɓa ta sai kai.”

Kafin in buɗe baki an shigar da ita ɗakin ajiya. Baba ya zagaya bayanta ya kwance murfin, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Rubutun ajami ne layi-layi da baƙin alƙalami, kowane layi kwanan wata da aikin da aka yi. Layin ƙarshe kwanan wata ne kawai, gabansa fili. Na ga leɓen Baba yana motsi. Ban iya karanta ajami sosai ba, amma ban buƙaci a fassara mini ba. Ita ce makinar da ta kashe Lado, kuma ga ta a ƙarƙashin ɗakin kwanana.

Da Muath ya tafi na ce, “Baba, gobe a mayar masa da abarsa.”

Ummi yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci, bai taɓa kama sunana ba. Ya ce, “Haba Ummi. Katakon kawai zan goge. Likita ta hana goge katako?”

“Wallahi in ka kunna ta, ni da kaina zan banka mata wuta.”

“Tayyib, tayyib. Na ji.”

Ji kam ya ji. Amma hali zanen dutse, kuma na ga yadda ya kalli layin nan da ba a ƙarasa ba. Cikin kwana uku ya soma cin abinci har da neman ƙari, ya ciro tsohuwar rigar aikinsa shuɗiya ya rataya a ƙusa. Duk wanda ya gan shi sai ya ce Ammu Abdulghani ya warke. Ni kuwa tun daga lokacin hankalina bai sake kwanciya ba.

Ina aiki a ofishin wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in ƙura wa lambar ido kafin in ɗauka. In na ji jiniyar motar asibiti a titi sai in bi ta da kunne in ji ko Waziriyya ta nufa. Na yi kuskure a takardun kwantena biyu cikin mako guda, ni da ban taɓa yi ba. In na dawo gida nakan tsaya a ƙofar ɗakin ajiya in kasa turawa, ina tsoron abin da zan tarar a ƙasa bayan makinar. Har wayo na yi, na liƙe soket ɗin bango da salatif na ja masa layi da biro. Kwana biyar yana nan yadda na bar shi. A na shida na tarar an ɓare an mayar, layin bai haɗu ba.

Ban yi masa magana ba, don na san rantsuwa kawai zai sa ni in ji. Na kira Muath na faɗa masa gaskiyar batir. Ya yi ta istigfari. Ya ce makina ba ta kai ran mutum ba, in yi yadda na ga dama, alfarma ɗaya kawai yake roƙo, kada a fasa kwalbar, a ajiye masa ita a kwali. Daga nan na kira Mahauci.

“Yau kuma ni ake nema?” in ji Mohannad. “Khali ya sani?”

“In ya ji daga bakinka sai na yanke harshen. Ranar Asabar da la'asar. In ya yi salla yakan zauna da tsofaffin Karantina har magariba. Awa biyu sun ishe ka?”

“Awa ɗaya ma. In fitar da tsohuwa, in sa shasha sabuwa, siririn gilashin nan, yalla. Kafin ya dawo ta zama amarya.”

Ranar Asabar na baro ofis da wuri. Ina taka matakalar ƙofar gida na ji motsi a ɗakin ajiya, kamar an fizgi wani abu. Na tura ƙofa na tarar da Baba yana rataye rigar aikinsa, ga tsumma a hannu, yana goge sitiyari da wata irin natsuwa da ta yi yawa. Ɗakin yana wani wari kamar na ƙura da ta ji zafi. Na shaƙa, na ji, amma hankalina yana kan nawa ƙullin, ban tsaya na tambayi kaina daga ina warin ya fito ba. Aka kira salla. Ya dubi makinar, ya dube ni, ya yi kamar zai ce wani abu ya fasa. Ya kulle ɗakin ya jefa makullin a aljihu ya tafi. Bai san na yanko nawa tun ranar Alhamis ba.

Mohannad ya iso da kwalinsa a kafaɗa. Ya kwance murfin baya ya jingine, ya leƙa ciki yana taɓe baki. Na ce masa, “Ba sai ka sauke mata wuta ba? Baba yakan yi.”

Ya ɗaga filogin da ke yashe a ƙasa ya kaɗa mini a fuska. “Ya Turai, shekara talatin tana kwance a Haraj. Wace wuta? Na fitar da irinta sun fi hamsin, matattu ne duka.”

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Duk waɗanda ya saba farkewa sun daɗe da mutuwa kafin su zo hannunsa, bai taɓa haɗuwa da mai rai ba. Ya naɗe hannun riga, ga agogon ƙarfe a wuyan hannu, ga zoben azurfa. Ya dafa ƙarfen ciki da hannun hagu don ya ji daɗin leƙawa. Ya miƙa na dama wajen robar nan zai ɓanɓare ta da yatsu.

“Wagif! Kar ka motsa!”

Ban taɓa jin wannan muryar daga bakin ubana ba. Yana tsaye a ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, yana haki. Ashe ana sallame salla ya taso, ko addu'a bai tsaya ba, don ya san abin da ya bari. Mohannad ya sandare, yatsunsa saura kaɗan su taɓa robar.

“Ɗauke hagun daga ƙarfen. Shwayya shwayya, a hankali. Yanzu janye daman. Ja baya.”

Mohannad ya ja baya har ya yi karo da bango. “Khali, ai a cire take...”

“Rabin awa tana kunne kafin Ummi ta shigo. Cike take fal.”

Sai a lokacin warin ƙurar nan ya dawo mini. Da na yi sanadin uban 'ya'ya uku, da makullin da na yanko da hannuna. Shi ya ɓoye mini, ni na ɓoye masa, ga inda ɓoye-ɓoyen ya kawo mu. Babu wanda ya zargi wani, don kowa ya san nasa.

Baba ya wuce mu ya sa hannu bayan wani kwali ya zaro doguwar sukundireba da wayarta. Wato duk kullen da na yi, akwai wadda ban gani ba. Ya ce, “Ba a barin ta haka. Ku fita waje.”

Na sha gabansa. “Ba inda za ka.”

“Minti ɗaya ne, Ummi. Sau dubu nawa na yi?”

“Da batir a ƙirji sau nawa ka yi?”

Na dubi Mohannad, ya girgiza kai tun kafin in tambaya, ya ƙara mannewa da bango. A bar ta kuma ba zai yiwu ba, don na san ina juya baya Baba zai lallaɓo ya yi abinsa. Gaba kura, baya sayaki. Na fizge sukundirebar daga hannunsa, ban san lokacin da na yi ba.

“Faɗa mini yadda ake yi.”

“La, la, la. Turai, a'a.”

Karo na farko ke nan da na ji sunana a bakinsa. Ya taɓa ni har cikin rai, amma ban saki ba. Na ce ko ya koya mini, ko in zura ta yadda na ga dama, ya zaɓa. Ya san 'yar da ya haifa. Ya ce da wata ƙaramar murya, “Cire awarwaron. Da zoben. Sa takalmin roba.” Na yi. Ya nuna mini inda zan maƙala wayar a jikin ƙarfe, ya sa na ja ta sau biyu in tabbatar ta kama. Na ce ya koma bakin ƙofa, na sa Mohannad ya riƙe shi.

“Hagu a aljihu,” in ji shi.

Na shafa abayata. “Baba, ba ni da aljihu.”

Ya nuna ƙusa da haɓa. Na ɗauko shuɗiyar rigar aikinsa na ɗora a kan abayar, tana warin dalma da turarensa. Na zura hannun hagu a aljihun. Yatsuna suka ci karo da wani abu: ɗan ƙaramin carbi na itace, 'ya'yansa sun sile sumul, wasu sun kusa rabewa saboda murza. Na juyo na dube shi, ya kawar da kai. Shekara talatin da biyar ina ganin fuskar nan da ba ta motsi, ashe hannun yana ciki yana ja. Ashe bai taɓa zura ƙarfen nan ba tare da tsoro ba, ko sau ɗaya. Sanin haka bai ƙarfafa mini gwiwa ba ko kaɗan. Sai ma na ji tsoron ya ninku, don in shi yana tsoro, to abin ya kai a ji tsoronsa.

Na damƙe carbin. Na kai bakin sukundirebar gefen robar. Daga baya muryarsa tana zuwa a hankali: kwantar da ita, kar ki soka, tura, ƙara kaɗan, kar ki taɓa komai da kafaɗa. Na ga bakin ƙarfen ya shige ƙarƙashin robar. Na yi kalmar shahada.

Tas!

Wani shuɗin haske ya yi tsalle ya ɓace. Na ƙwalla ƙara, amma ban saki ba, hagun kuma bai fito ba. Na tsaya ina jiran in ji ko na mutu. Ba abin da ya same ni. Na soma ja da baya ina dariyar da ba ta daɗi ba, sai na ji ya ce, “Tsaya. Maƙaryaciya ce. Jira, ki sake.” Jiran nan ya fi na farkon wuya. Na sake, ta yi 'yar ƙas, daidai irin wadda ya ce ya ji ranar Lado. A na uku shiru.

Da na juyo, Baba yana zaune a ƙasa a bakin ƙofa, Mohannad na tallafe da shi. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi ya jiƙa masa gemu, hannun damansa dafe da wurin batirin. Na yar da sukundirebar na durƙusa ina kiran sunan Allah, na kama wuyan hannunsa ina laluben bugu. Yana nan, yana gudu, amma yana nan. Ya buɗe ido ya shafa fuskata da hannu biyu.

“Mohannad,” in ji shi, “cire ta. Sa taka shashar. Halas.”

Mutumin da ya yi shekara goma yana zagin fawa, yau shi ke miƙa wuƙa. Abin da na shirya ke nan, abin da na yanko makulli dominsa, amma da na ji shi daga bakinsa sai na ji kamar an mare ni. Mohannad bai motsa ba, ya ce shi yau ko filogin fanka ba zai taɓa ba. Ni kuma na zauna a ƙasan ina lissafi. In an farke wannan, Muath yana da goma sha biyu, wasu ma suna da nasu, kuma duk ran da ɗaya ta yi tari nan za a kawo ta. Baba zai rantse, ya yi wata guda, sannan in tarar da salatif ya karkace. In kuma na hana a kawo, in koma kallonsa yana narkewa a kujera. Na gwada kulle, na ga ƙarshensa.

Na ce, “Ba za a cire ba. Kai ne ido, ni ce hannu. Amma ka ƙetare layin da zan ja, wallahi Mahauci zan kira.”

Wata huɗu muka yi a kanta, Asabar-Asabar. Na ja layi da jan fenti taku uku daga makinar, yana tsaye a bayansa da madubi yana ba da umarni, ina ciki da hannu ɗaya. Ran da hoton ya tsaya cak, 'yar jar mota ta fito a kan titinta ba rawa, Muath ya rungume shi yana hawaye. Baba ya sa aka miƙo masa murfin, ya ƙarasa layin Lado da ajaminsa, ya rubuta sabon kwanan wata a ƙasa. Yanzu makina ta uku muke ciki. Mohannad yana nan yana fawarsa, sai dai duk kwalbar da zai cire sai ya kira ni na sauke mata wuta tukuna, kuma ya daina sa agogo.

Mutane suna cewa na ceci ubana. Ni ban sani ba. Likitar abu biyu ta hana, wuta da firgita, na raba shi da ɗaya na ɗora masa ɗayar duk mako. Rigar tana jikina, carbin yana aljihunta, na ce ya karɓi abinsa ya ce wanda ke ciki ya fi buƙata. Shi yana can bayan jan layi, hagunsa cuse a aljihun jallabiya alhali ba abin da yake taɓawa. Duk sanda na kwantar da bakin sukundireba a gefen robar nan, ɗakin yakan yi tsit, in ji ya ɗauke numfashi. Na daina jin tsoron tas ɗin. Abin da nake kasa kunne in ji bayanta shi ne ko numfashin nan zai dawo.